Fatar Jirgin Faiba da Ranar Kano: Nazari Daga Gaɓar Dam Ɗin Wasai

Minjibir ba ƙasar jirgi ba ce tun asali. Ƙasar noma ce da saƙa, gona manne da gona, ɗorawa da tsamiya da gawo tsaye a tsakiyar shuka, cikin yankin nan da ya kewaye birnin Kano wanda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya shiga nazarin cunkoson manomansa tun shekarun 1960. Kogin Jakara da ya fito daga birni ya biyo ta nan, shi ma damina ce ke cika shi kamar sauran kogunan yankin. Sai a 1976 aka datse shi a Wasai, cikin jerin madatsun ruwan da aka faro a zamanin Gwamna Audu Baƙo, waɗanda suka haɗa da Bagauda da Tiga. Manomin da kakansa bai taɓa riƙe filafili ba ya wayi gari da tafki a ƙarshen gonarsa, da karfasa da tarwaɗa a ciki. Al'adar jirgi a nan, ke nan, shekarunta hamsin ne ko kusa da haka, ba kamar Yawuri ko Argungu ba, inda ɗa ke gadon sanin jirgi daga uba da kaka.

Duk da ƙuruciyar al'adar, ruwan madatsun Kano ya riga ya ci mutane. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin fito ya kife a dam ɗin Watari, tsakanin ƙauyen Badau da garin Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. A watan Mayun wannan shekarar wani jirgin katako ya dare a kogin Kwara kusa da Warra ta jihar Kebbi, a watan Yunin 2023 kuma fiye da mutum 100 suka salwanta a yankin Patigi suna dawowa daga ɗaurin aure. Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, magana guda ake maimaitawa: a bar jirgin katako. Ma'aikatar kula da teku da tattalin arzikin ruwa da aka ƙirƙiro a 2023, ƙarƙashin Adegboyega Oyetola, da hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, sun sha kira ga jihohi su koma jiragen faiba da na alminiyam. Yau ko gobe, wannan kira zai iso kowace mashigar ruwa, har da irin ta Wasai inda ƙaramin kwale-kwalen katako ne jarin masunci.

Abin da wannan nazari ke son nunawa abu ɗaya ne mai fuska biyu. Ilimin da mai jirgin katako ya tara, wanda ya raya masa jirgi shekara da shekaru, idan ya ɗauke shi yadda yake ya ɗora wa jirgin faiba, cutar da jirgin zai yi. Littattafan gyaran faiba kuwa da aka rubuta a Turai da Amurka an gina su ne kan yanayin da ba namu ba, saboda haka wanda ya bi su ido rufe shi ma zai ɓata kaya.

Yadda ake zuba shi

Jirgin faiba abu biyu ne aka haɗa: zaren gilashi, da wani ruwan roba mai kauri da ake kira rezin. Zaren ne ke ɗaukar nauyi da ja, rezin ɗin ya riƙe zaren wuri guda. Kamfanin Owens-Corning na Amurka, wanda aka kafa a 1938, shi ya fara cika kasuwa da zaren gilashi, a 1942 kuma wani maƙerin jirage a Toledo ta jihar Ohio, Ray Greene, ya haɗa zaren da rezin na foliyesta ya zuba ƙaramin jirgi. Kafin ƙarshen shekarun 1960 faiba ta ture katako a ƙananan jiragen shaƙatawa na can. A Nijeriya a bakin teku ta fara kama ƙasa, a Legas da Fatakwal da rafukan Neja-Dalta, kuma har yanzu a can masu zubin suka fi yawa.

Daga waje ake fara zubin, a ƙare a ciki. Za a goge mazubi a shafe shi da kaki don kada ya kama, sannan a fesa masa wani nau'in rezin mai launi, wanda babu zare a cikinsa ko ɗaya. Wannan shi ne jelkot, fatar jirgin. Idan ya fara daskarewa sai a shimfiɗa tabarmar zaren gilashi a kansa, a jiƙa ta da rezin, a danne da abin mirginawa don iska ta fita, a ƙara wata, har a kai kaurin da ake so. Fuskar nan mai santsi da ake gani idan an ciro jirgin, ita aka fara zubawa, kuma kaurinta bai wuce rabin milimita ba sai da kaɗan. Launinta, in fari ne, daga garin sinadarin titaniyam yake. Da yake ba ta da zare, tana da gautsi, ba ta ƙara wa jirgi ƙarfi. Aikinta biyu ne: ta tare rana, ta jinkirta ruwa.

Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san matsayin irin wannan abu. Yaɓe ne. Ba shi ke ɗauke da soro ba, amma shekarar da aka bar makuba ta zube ba a sabunta ba, tubalin da ke ciki ya shiga hannun damina.

Rana

Kano tana kan digiri 12 arewa da ikwaita. Sau biyu a shekara rana ke tsayawa daidai tsakar ka, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta. A ma'aunin ƙarfin hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani amma yake ƙona fata, ƙasashe irin namu kan kai 11 ko su wuce, matakin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a ƙololuwa. A Ingila da wuya ya haura 8, shi ma na 'yan makonni.

Wannan haske tsinka sarƙoƙin rezin yake yi a saman jelkot, iskar oksijin ta ƙarasa aikin. Rezin ɗin da ya rududduge ya bi ruwa, ƙwayoyin launin da yake riƙe da su su tsaya a sake. Da farko ƙyalli ne zai tafi, abin da ba mai damuwa da shi. Sannan wanda ya shafa tafin hannunsa a jikin jirgin zai ga fari fat kamar ya taɓa alli. Daga nan fatar ta zama mai ƙananan ƙofofi, tana shan datti, wanki ba ya fitar da shi. In aka ci gaba da ƙyalewa, saƙar zaren da ke ƙasa za ta fara nunawa ta cikin launin, a ƙarshe zaren kansa ya fito fili. A nan ne lalacewar ke canza sauri, domin kowane silin zare da ya buɗe hanya ce da ruwa zai bi ya shiga cikin jikin jirgin.

Zafi ma yana da nasa rabon. Rezin mai araha kan fara saki ne tsakanin digiri 60 zuwa 80, kuma fuska mai duhun launi da ke kwance a ranar Afrilu tana iya kai digiri 70. Shi ya sa nake ganin zaɓen launi a ƙasarmu ba maganar ado ba ce. Kore ko shuɗi mai duhu, irin wanda ake so don ya dace da tambarin hukuma ko na jam'iyya, ya fi fari saurin kodewa da ɗaukar zafi. Sai kuma ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Akwai ɓurɓushin yashi mai kaifi a cikinta. Yaron jirgi da ya sa busasshen tsumma ya goge ta kowace safiya, yana ganin tsafta yake yi, alhali kankare fatar yake yi kaɗan-kaɗan. A watsa ruwa tukuna.

Ba kowane jelkot ne ɗaya ba. Akwai mai araha da ake kira oto, akwai aiso, wanda ya fi jure ruwa da rana, ya kuma fi tsada. Ranar da aka sauke jirage daga tirela duka ƙyalli suke yi iri ɗaya, babu idon da zai bambance su. Sai an yi rani biyu ko uku.

Ruwa, inda ilimin ya juye

Kowane mai fito ya san jirgin da ya bushe shi ke yoyo. Katako kumbura yake yi idan ya sha ruwa, gaɓoɓinsa su matse audugar ko tsumman da aka cusa aka bi da narkakkiyar kwalta. In aka ja shi tudu aka bar shi a iskar hunturu, lokacin da laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, katakon zai motse, gaɓoɓin su buɗe, a ga haske ta tsakaninsu. Don haka hikimar da aka gada ita ce a bar jirgi a ruwa, in ma an fitar da shi a riƙa zuba masa. Hikima ce ta gaskiya, ko da yake ruwan da ke matse katakon shi ne kuma a hankali yake ruɓar da shi a daidai bakin layin da yake jiƙa yana bushewa.

Faiba ba ta kumbura ta toshe komai. Zama a ruwa babu abin da yake ƙara mata sai ciwo. Jelkot ba ya hana ruwa shiga ɗungurungum, rage masa gudu kawai yake yi. Ƙwayoyin ruwa na ratsa shi sannu a hankali har su tarar da ƙananan koguna da iska ta bari lokacin zubi. A cikin kogunan nan akwai ragowar sinadaran da ba su gama haɗuwa ba, irin su gilaikol, da ɗankon da aka manne tabarmar zaren da shi. Ruwan ya narkar da su ya yi kauri, shi kuwa kakkauran ruwa ɗabi'arsa ce ya jawo tsinkakke zuwa gare shi ta cikin duk shamakin da ke ratsuwa. Ɗaliban kimiyya sun san wannan da sunan osmosis. Abin da ya shiga ba ya samun hanyar fita, sai matsi ya taru ya ɗaga fatar, ƙasan jirgi ya yi bororo, wasu kamar ƙwayar gero, wasu sun kai faɗin kwabo. Idan aka huda ɗaya, ruwa ne zai tsarto mai warin binega, kuma yana da tsamin da zai iya cutar da ido.

Abu biyu ke hanzarta wannan ciwo, kuma duka biyun muna da su. Na farko ruwan daɗi: tunda babu gishiri a cikinsa, tazarar da ke tsakaninsa da kakkauran ruwan cikin kogon ta fi girma, jan ya fi ƙarfi. Na biyu ɗumi. Ƙa'idar da masana sinadarai ke aiki da ita a ƙiyasce ita ce, duk ƙarin digiri 10 na ninka saurin haɗuwar sinadarai. Jirgin da ke ɗaure a gefen tafki mara zurfi, wanda rana ta dafa tun safe, watanni goma sha biyu ba a ɗaga shi ba, yana cikin mafi munin halin da littattafan can suka siffanta, ko da mai shi yana ganin yana kyautata masa ne.

Ruwan Wasai kuma yana da nasa hali. Jakara ce ke kwaso dagwalon unguwannin birni, rafin Getsi ya ƙaro na masana'antun Bompai, kuma masu bincike daga Jami'ar Bayero da wasu wurare sun sha ba da rahoton ƙarafa masu guba irin su kuromiyam da dalma a wannan ruwa. Ta fuskar jirgi, ruwa mai taki da yawa gansakuka yake haifarwa, ta manne a ƙasan jirgi, fatar da ta riga ta yi alli kuma ta rine ta koma ruwan ƙasa. A bakin teku fenti mai guba ake shafawa don hana irin wannan, har sai da yarjejeniyar duniya da ta fara aiki a 2008 ta haramta nau'insa mafi muni, mai sinadarin TBT. Ban ga dalilin kawo kowane irinsa nan ba. Ruwan da ake ban ruwan latas da kabeji da tumatir da shi ya ishe shi da abin da yake ɗauke da shi. Ƙaramin jirgin da mutum huɗu za su iya ɗagawa, maganinsa a fitar da shi, a wanke da buroshi, a kife shi kan tsofaffin tayoyi a ƙarƙashin rumfar zana ko inuwar tsamiya duk lokacin da zai yi kwanaki ba aiki.

Wane wata?

A ƙasashen sanyi ana fitar da jirage daga ruwa wajen Oktoba ko Nuwamba, a lulluɓe su, sai Maris ko Afrilu a buɗe a yi gyara, saboda rezin ba ya nuna da kyau in sanyi ya yi ƙasa da digiri 15. Duk tsarin littattafansu a kan wannan yake: jiran ɗumi. Abin da ba sa faɗa, domin a wurinsu ba abin faɗa ba ne, shi ne jirginsu na samun hutun kusan rabin shekara daga ruwa da rana. Namu ba ya samu.

Wanda ya ɗauki watan Afrilu daga littafi ya kawo Minjibir ya zaɓi mafi munin lokaci. Zafin rana a Kano a watan nan kan kai digiri 38 zuwa 40 a inuwa. Rezin da ke ba mai aiki minti 15 zuwa 20 a digiri 25, a irin wannan zafi bai fi ya ba shi biyar zuwa bakwai ba. Daskarewar kanta zafi take fitarwa, don haka in an dama da yawa a gwangwani mai zurfi, zai iya ɗaukar zafi har ya yi hayaƙi ya tsage kafin a kai buroshi jikin jirgi. Mai aiki ya ga haka sai ya rage maganin da ake zuba wa rezin don ya daskare fiye da ƙima, abin ya ƙi nuna, ya zauna da danƙo a ciki, wato an shuka bororon baɗi da hannu.

Disamba zuwa Fabrairu ne lokacinmu. Da asuba sanyi kan sauka wajen digiri 13, don haka a jira hantsi, a gama kafin azahar lokacin da zafi ke doshin 30. Busasshiyar iskar da ke buɗe gaɓoɓin katako ita ce ke zuƙe ruwa daga jikin faiba, aikin da a Turai sai an haɗa da tanti da na'urar ɗumama wuri. Aibinta ƙura ce kawai, wadda ke sauka kan ɗanyen rezin, kuma tunda daga arewa maso gabas take zuwa, zana ko tamfol a wannan ɓangaren ya wadatar. Matsalar gaske ta aljihu ce. Watannin nan su ne na noman rani, masuncin da ke da fadama hannunsa ba ya zama, kuma jirgin da aka kife mako uku ba ya kawo kifi. Amma gyaran da ba a yi da sanyi ba, damina ce za ta tilasta shi, lokacin da jikin jirgi ba ya bushewa, rezin kuma ba ya kama jiƙaƙƙen wuri.

Aikin hannu

Binciken ba ya buƙatar na'ura. Bayan wanki da sabulu, a ɗauki kwabo ko ƙaramar guduma a bi jikin jirgin ana ƙwanƙwasawa, taku ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyen wuri ƙara yake yi tas-tas. Inda shimfiɗun zaren suka rabu da juna sai a ji amon ya mutu, ya koma dum-dum. A zagaye wurin da gawayi. Don a san ko ya bushe, a yanki farar leda kamar faɗin tafi biyu, a manne gefunanta huɗu da salatif a kan wurin da aka kankare, a dawo washegari da safe. In akwai raɓa a cikin ledar, da sauran jira. Bororon da aka fasa kuma sai an riƙa wanke shi da ruwa mai tsafta ana bari ya bushe, sau da dama, domin gilaikol ba ya bin iska, riƙe laima yake yi.

Fatar da ta yi alli kawai, ba ta fashe ba, hanyarta sananniya ce: samfefa mai laushi da ruwa, daga lamba 800 zuwa 1000 zuwa 1500, sannan man gurza, sannan kaki. Sakamakon yana burge ido, jirgi ya dawo kamar sabo. Sai dai a tuna rabin milimitar nan. Kowace gurza ɗebe wani abu take yi daga cikinta, kuma da zarar an ga wata inuwa mai duhu ta fara bayyana a ƙarƙashin farin, an kusa kai zare. A ra'ayina mafi yawan abin da aka rubuta kan dawo da ƙyalli an rubuta shi ne don mai jirgin shaƙatawa da ke tunanin farashin da zai sayar. Mai fito ba ƙyalli yake nema ba, kauri yake nema. Gurza sau ɗaya mai sauƙi don a cire mataccen saman, kaki sau biyu ko uku a shekara, inuwa kullum. In fatar ta yi siriri, a shafa sabon jelkot ko fentin foliyuritan mai haɗi biyu, a daina gurza.

Tsaga tana da labarin da take bayarwa. Wadda ta watsu daga tsakiya zuwa ko'ina, bugu ne, dutse ko kututture. Wadda ta jeru layi-layi a gefen benci ko a kusurwa, lanƙwasa ce: jikin jirgin yana motsi a wurin, fatar mai gautsi ba ta iya binsa. Ta farko a buɗe bakinta da tsinin ƙarfe ta yi kwari, a goge da asiton, a cike. Ta biyu ko an cike za ta dawo, sai an ƙara shimfiɗar zare ta ciki. Huda kuwa ba a toshe ta a tsaye. Ana fiƙe gefunanta su kwanta, faɗin gangaren ya ninka kaurin jikin sau 12, wato in kaurin milimita 5 ne, a fiƙe milimita 60 ta kowane gefe, sannan a jera facin zare ɗaya kan ɗaya.

Maganin daskarewar, MEKP, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ake sawa: mililita ɗaya ko biyu a cikin mililita 100. Sirinjin kemis ya isa awo. Akwai kuma wani hali na jelkot da ke rikita sabon hannu: fuskar da iska ke taɓawa ba ta bushewa, tana zama da danƙo, tunda an yi shi ne don ya nuna a jikin mazubi. A rufe facin da leda a lallaɓe ta, ko a sayi wanda aka riga aka zuba wa kaki.

Hannun da zai yi wannan aiki yana nan a Kano. Masu gyaran bodin mota sun daɗe suna facin bamba da zare da rezin. Ɗabi'a biyu ce sai sun ajiye a gareji. Ɗaya ita ce awon magani da ido. Ɗayar ita ce bodi fila, wadda aka cika da garin hoda mai shan ruwa: a ƙofar mota tana shekaru, a ƙasan jirgi kumbura take yi ta ɓalle. Tabarau da takunkumi kuma dole ne, domin ɗigon MEKP a ido na iya makantarwa, ƙurar zaren gilashi kuma ba abin shaƙa ba ce.

Abin da ke nutsar da jirgi

Bororo da alli da wuya su nutsar da jirgi kai tsaye. Alamu ne na yadda ake riƙonsa. Wuraren da rai ke rataye uku ne, kuma babu wanda ke ƙyalli a cikinsu.

Ƙashin bayan jirgi, wanda ake ja kan marmara da tsakuwa kowace yamma, shi ke fara cinyewa. Katako mai kauri ne, yana jure wannan na shekaru. Jikin faiba 'yan milimitoci ne. Faci na musamman a wurin, wanda ake sabuntawa duk shekara, ya fi kowane man goge amfani. Sai allon baya inda ake ɗaura inji, wanda a jirage da yawa falankin katako ne aka lulluɓe da faiba. Ruwa na bin ramin noti ya ruɓar da shi a ɓoye, waje na nan lafiya lau. A ɗaga ƙafar injin a danna ta da ƙarfi. In allon ya motsa, a sauke injin.

Na ukun ne ya fi muhimmanci, kuma shi masu kiran a koma faiba suka fi mantawa. Yawancin katako ya fi ruwa sauƙi, shi ya sa kwale-kwalen da ya cika da ruwa, in ba inji ko kaya masu nauyi, yakan tsaya a sama mutane su rirriƙe. Faiba ta ninka ruwa nauyi kusan sau ɗaya da rabi. Jirginta in ya cika, ƙasa zai yi, sai dai in an gina masa rufaffun akwatunan iska ko na soso a ƙarƙashin benci da goshi. A Amurka doka ce ta wajabta wannan ga ƙananan jiragen inji da tsawonsu bai kai ƙafa 20 ba. Akwatin da ya tsage ya cika da ruwa, ko wanda aka huda don a ɗaura igiya, ko aka yanke bakinsa don a samu ma'ajiyar kalli, ya tashi daga aiki. Jirgin da a bara mutum huɗu ke ɗagawa, bana sai shida, ruwa ne a cikinsa. A girgiza shi a kasa kunne.

Lodi kuwa babu ruwansa da katako ko faiba. Jami'an da suka yi aikin ceto a Bagwai sun ɗora alhakin ne kan ɗaukar mutane fiye da ƙima, kuma sabon jirgi mai santsi yana iya ƙara wa mai fito ƙarfin halin ya ƙara mutum biyar.

Kayan aiki

Kwalta da ƙusa da auduga ana samunsu a kasuwar ƙauye, kuma ba sa lalacewa a ajiye. Rezin yana da wa'adi: kamar wata shida a wuri mai sanyi, ƙasa da haka a shagon da ke ƙarƙashin rufin kwano, inda yake yin kauri ya dunƙule tun ba a buɗe shi ba. Masunci ɗaya ba zai iya shanye gwangwani guda kafin ya mutu ba. Sayen ya fi dacewa da mashiga gaba ɗaya, ta hannun Sarkin Ruwa ko ƙungiyar masunta, a tara jirage a mako ɗaya a kira mai gyara ɗaya. Hukumar da za ta raba jirage kuma, takardar kwangilarta ce wurin da ya kamata a rubuta nau'in jelkot, da kaurinsa, da girman akwatunan iska, da adadin mutanen da jirgin zai ɗauka a jikinsa da manyan baƙaƙe, da horar da aƙalla mutum biyu daga garin. Ya kamata a rubuta har da inda za a kai shi in ya mutu, domin faiba ba ta ruɓewa, ba ta narkewa a sake zuba ta, ƙona ta kuma hayaƙi ne mai guba. Faransa sai da ta ɗora wa wata ƙungiya ta musamman, APER, alhakin wargaza tsofaffin jiragen shaƙatawa a 2019.

A sayo kayan a watan Nuwamba, a duba kwanan watan da ke jikin gwangwani, a ajiye a ɗakin ƙasa, a ƙarar kafin Maris. Kwalbar MEKP a ware mata wuri dabam, nesa da fetur da murhu, nesa kuma da wani shuɗin ruwa mai sinadarin kobal da wasu 'yan kasuwa ke haɗowa da shi don ƙara saurin nuna, domin in su biyun suka haɗu kai tsaye ba tare da rezin a tsakani ba, wuta suke kamawa.